Littafin tsara saƙa mai allon maganaɗisu: ya yi, amma ba na kowa bane

'Yan uwa masu saƙa da masu ɗinkin hannu, bari in faɗa muku ra'ayina akan littafin nan na tsara aiki, wanda ake haɗo shi da ɗan allon ƙarfe da rula mai maganaɗisu. Babu wani sunan kamfani sananne a jikin nawa kuma ire-irensa suna da yawa, kusan duk tsarinsu ɗaya, dan haka ba suna zaki bi ba, abinda ke ciki zaki duba. A bangonsa an rubuta wai na saƙar kibiya ne da kwarashi da surfani duka ukun, toh ni dai hukuncina a taƙaice shine mai kibiya ta ci riba sosai, mai ɗinkin gicciye, wato surfanin da ake ƙirga gida ana yin X da zare, ma ta samu nata, amma mai kwarashi rabin haƙƙinta aka bata, mai surfanin da ba'a ƙirga masa gida kuwa sunanta kawai aka ara aka ƙawata bango dashi.

Yanda yake: girman takardar firinta ne, bango mai tauri, ɗaurin waya irin mai murɗewa wanda zaki iya naɗe shi gaba ɗaya ya kwanta shafe, kuma wannan ba ƙaramin abu bane dan duk mai saƙa ta san hannu biyun nan a cike suke, babu na ukun da zai danne miki littafi yana rufe kansa. An raba shi kashi-kashi, akwai shafukan bayanin aiki, akwai masu gidaje iri biyu, akwai teburan lissafi da alamomi a baya, sai aljihu a bangon ƙarshe inda allon yake zama.

Abinda yasa nace mai kibiya ta ci riba shine shafukan gidajen da ba murabba'i ba. Wadda bata taɓa zana taswirar kanta ba, wato zanen gida-gida da ake bi ana saƙa, zata ce meye abin murna a nan, toh tsaya kiji. A taswira kowane gida ido ɗaya ne, wato madauki ɗaya dake kan kibiya, kuma idon saƙar kibiya ba daidai-wa-daida yake ba, faɗinsa yafi tsayinsa. Ki ɗauki ulu matsakaici da kibiya mai milimita 4, abinda aka saba samu cikin santimita 10 shine ido 22 a kwance da layi wajen 28 a tsaye. Yanzu idan kika zana da'ira a takardar lissafi ta 'yan makaranta mai gida 20 nan 20 nan, a takarda zaki ganta zagaye tas, amma in kika saƙa zata fito faɗi kusan santimita 9 tsayi kuma 7 da ɗan abu, ta zama kamar ƙwallon da aka zauna a kai, fuskar kyanwa ta baje, harafi yayi gajere yayi ƙiba, ki zauna kina zargin hannunki alhali hannunki lafiya lau yake takardar ce bata dace ba. Gidajen wannan littafin an yi su ne a ma'aunin 4 da 5, ido huɗu a kwance tsawonsu ɗaya da layi biyar a tsaye, shi yasa abinda kika gani a shafi kusan shine zaki gani a jikin suwaita. Wallahi ko wannan kaɗai ya isa in ce a nema.

Amma fa kar a ɗauka 4 da 5 ɗin nan aya ce. Saƙar launi biyu a layi ɗaya, irin wadda ta shahara da sunan tsibirin Fair Isle na can arewacin Sikotilan, idonta yakan matso kusa da murabba'i saboda zaren da yake bi ta baya yana ɗan tsuke faɗin, dan haka a irin wannan aikin sau da yawa shafukan murabba'in sun fi yi min daidai. Littafin bai faɗi haka ba ko a layi ɗaya, kuma ya kamata ace ya faɗa tunda sabbin hannu ne zasu fi sayensa.

Shafin bayanin aikin ma ya burge ni, saboda yana da naci irin wanda muke buƙata. Kafin ki kai gidajen zane sai kin wuce ta inda aka bar miki gurbin rubuta sunan ulu, lambar launi, lambar rini, girman kibiya ko kwarashi, nauyin dunƙule da tsawonsa, sannan ga wani akwati babba na ɗan gwaji, ido nawa layi nawa a santimita 10, kafin wanki da bayan wanki. Wannan na bayan wankin shine wanda kowa take tsallakewa, kuma shine yake sa riga ta dawo ta wata bayan ta sha ruwa sau ɗaya. Lambar rinin nan kuma kar ki raina ta, launi ɗaya kamfani ɗaya amma in ba tukunya ɗaya aka rina su ba zaki ga bambanci ya fito miki a tsakiyar aiki musamman a hasken rana, kuma takardar jikin dunƙulen ita ce abu na farko da yake ɓata. Akwai 'yan huji a gefen shafin da zaki ɗaura guntun zaren, in an kwana biyu kina neman irinsa sai ki buɗe kawai.

A ƙasan wannan shafin akwai wajen lissafin maimaici, kuma nan ne naga wanda ya tsara littafin lallai yana saƙa da hannunsa ba a kwamfuta kawai ya zauna ya haɗa ba. Misali kina son hula mai zagayen santimita 50, gwajinki ya baki ido 22, kinga ido 110 kenan zaki ɗora, toh amma adon da kika zana yana maimaita kansa duk ido 12, kuma 110 bata rabuwa da 12, dole ki zaɓa ko 108 wanda zai baki maimaici 9 hula ta fito wajen santimita 49, ko 120 maimaici 10 ta haura 54 ta riƙa zamewa. A takarda ake yanke wannan shawarar cikin minti biyu, in ba haka ba sai kin zagayo ƙarshen layi ki tarar da rabin tauraro yana kallon rabin fure.

Sai allon maganaɗisun. Ana zura shi bayan shafin da kike aiki a kai sai ki ɗora rular ta kama. Yana aiki, amma shafi ɗaya ko biyu kawai yake iya riƙewa, in kika bar takardu da yawa tsakani rular zata riƙa zamewa, kuma in littafin ya faɗi ko yaro ya taɓa toh sai ƙirge. Hoton da suka saka na nuni ma rular a ƙasan layi suka ɗora ta, ni kuma ban yarda da wannan ba ko kaɗan, a saman layin da kike yi ake ɗorawa, ki rufe wanda baki zo ba ki bar wanda kika gama a buɗe, dan taswira daga ƙasa ake karanta ta zuwa sama yanda saƙar take tashi, kuma kina buƙatar ganin layin ƙasa ki gane ko idon nan ja akan jan ya kamata ya hau ko akan fari, da haka ake kama kuskure tun yana ɗanye.

Tunda na taɓo karatu, lambobin gefen gidajen sun min daɗi. An jera su ta dama da ta hagu, daga ƙasa zuwa sama, na kwance kuma sun fara daga dama. Dalili shine layin fuska daga dama zuwa hagu ake karanta shi, layin bai kuma daga hagu zuwa dama tunda kin juya aikin, in kuma zagaye kike kamar safa ko hula toh kowane layi daga dama ne dan baki taɓa juyawa. Duk gida goma akwai layi mai kauri. Abinda ban so ba shine kaurin tawadar, layukan sun cika duhu, in kika yi alama da fensir sai kin ƙura ido, in kika ɗauki hoto da waya kuma gidajen sun fi zanen fitowa, da sun yi su da ruwan toka mai haske da yafi. Takardar tana jure magogi, wannan na yaba, zaki goge ki sake ki goge bata hujewa, amma alƙalamin maka mai ruwa tawadarsa tana ratsa ta ta ɓata bayan, fensir mai kala shine maganinta.

Teburin alamomin kibiya dake baya babu laifi, ya kawo waɗanda aka fi haɗuwa dasu, gida fanko saƙar gaba a fuska saƙar baya a bai, ɗigo akasin haka, da'ira naɗa zare a kibiya wanda shine yake bada hujin leshi, karan da ya karkata dama haɗa ido biyu su kwanta dama, wanda ya karkata hagu su kwanta hagu, har da gida mai duhu wanda yake nufin babu ido a nan ki tsallake. Sai dai kullum ki duba makullin alamomin taswirar da ke hannunki, masu zane ba bakinsu ɗaya ba, wani ɗigo yake sawa wani ɗan kara a kwance.

Toh mu dawo kan kwarashi inda nake da ƙorafi. Ba wai babu komai ba. Shafukan murabba'in sun dace da duk saƙar kwarashin da ake ƙirgawa gida-gida, saƙar raga misali wadda gida buɗaɗɗe dabul ɗaya ne da sarƙa biyu (sarƙa, singil, dabul da tirebul sunayen idanun kwarashi ne, kowanne da tsayinsa), rufaffe kuma dabul uku, lissafinta gidaje sau uku a ƙara ɗaya, gida 30 zai baki ido 91 a layi, wannan zaki zana shi lafiya lau. Haka bargon kusurwa zuwa kusurwa wanda kowane gida sarƙa uku ne da dabul uku ana tafiya a karkace, shima yana zama daram, haka saƙar hoto da singil. Amma 'yan uwa rabin duniyar kwarashi ai a zagaye take, fure, murabba'in kaka, shimfiɗar tebur, gindin jaka, saman hula, duk daga tsakiya suke farawa suna buɗewa, taswirarsu kuma ba gidaje bace alamomi ne ake jerawa zobe bayan zobe, ɗan ƙwai sarƙa, gicciye singil, T rabin dabul, T mai kara ɗaya dabul, mai kara biyu tirebul. Wannan yana buƙatar takarda mai da'irori ɗaya cikin ɗaya da layukan da suka fito daga tsakiya suka raba ta shida ko takwas ko sha biyu, kuma duk faɗin littafin nan babu shafi ko ɗaya irin wannan. Ko ɗaya fa. Sai dai ki nemo kamfas ki zana da kanki a farin shafi, toh in haka ne me littafin ya ƙara miki.

Na biyu kuma wanda yafi haɗari, teburin sunayen kwarashin na Amurka ne zalla kuma basu rubuta cewa na Amurka bane. Abinda Amurkawa suke kira singil shi 'yan Ingila suke kira dabul, dabul ɗin Amurka kuma tirebul ne a Ingila, suna ɗaya tsayi daban, yarinya sabuwar koyo ta ɗauko bayanin Ingila ta zo ta duba wannan teburin zata saƙa abu ya ninka tsayin da ake so bata san daga ina matsalar take ba. Dabarar ganewa mai sauƙi ce, in kinga kalmar singil a bayani toh na Amurka ne dan Ingila basu da ita sam, kuma wannan na cikin dalilan da yasa na fi son taswira akan rubutu, alama bata da yare, shi yasa zaki ga mutum bai iya Japananci ko kalma ɗaya ba amma yana saƙa daga littattafan Japan saboda taswirarsu a tsare take. Layi biyu kacal zasu ƙara a ƙasan teburin su gyara wannan, basu yi ba.

Ɗinkin gicciye shi kam ya samu gata. Gidan murabba'i daman nasa ne, an saka 'yan kibau a tsakiyar kowane gefe dan ki gane cibiyar zane tunda daga nan aka fi farawa bayan an ninke yadi huɗu an samu tsakiyarsa, ga kuma tebur na girman aiki akan yadin Aida, wato yadin ɗinkin gicciye mai huji gida-gida. Zane mai gida 140 da 98 in kika yi shi a Aida mai 14, wato gida 14 a inci ɗaya, zai fito inci 10 da 7, a mai 18 ya tsuke ya koma ƙasa da 8 da kusan 5 da rabi, a mai 11 kuma ya kusa 13 da 9, sannan an tunatar dake ki bar rarar inci 3 kowane gefe saboda firam, kinga na farkon yadin inci 16 da 13 zaki yanka. Lilin mai 28 in ana tsallake zare biyu daidai yake da Aida 14, shima sun saka. Akwai jerin layuka na rubuta alama da lambar zare, kuma ki rubuta harda sunan kamfanin dan Allah, baƙi a DMC ta Faransa 310 ne, a Anchor kuma 403, lamba kaɗai bata wadatar. Ƙullin DMC mita 8 ne mai sili shida, a Aida 14 sili biyu aka saba amfani dashi, in kin san wannan zaki iya kintatar ƙulli nawa zai ishe ki. Iyakarsa dai shafi ɗaya baya ɗaukar babban zane, sai kin raba shi shafi-shafi kina kula da mahaɗa.

Surfanin zane kuwa, wanda ake kwafar fure a yadi a bi shi da allura ba ƙirge, 'yan fararen shafuka aka bar masa a ƙarshe shikenan, ko takarda shara-shara ta kwafi babu.

Nasan wata zata ce a wannan zamanin wa yake zane a takarda ga manhajoji. Gaskiya ne akwai su kuma suna da amfani, Stitch Fiddle a burauza yake aiki kuma yana iya mayar miki da hoto taswira, Pattern Keeper yana karanta PDF na ɗinkin gicciye ki riƙa danna inda kika gama, Ravelry kuma tun 2007 yake tara bayanan saƙa da ayyukan mutane. In aikinki hoton fuska ne mai launi arba'in da gidaje dubbai, kar ma ki wahalar da kanki da fensir, wannan aikin na'ura ne. Amma ƙaramin ado na bakin hannun riga, suna a jikin bargo, maimaicin hula, gyaran taswirar wani dan ta dace da yawan idonki, ni a takarda nafi ganewa, saboda lokacin da kike cike gidajen ɗaya bayan ɗaya hannunki yana ƙirgawa, nan zaki lura kin bar launi ɗaya ya yi ido tara a jere wanda zai bar dogon zare a baya yatsa ya riƙa maƙalewa, sai ki tsaga shi da ɗigo ɗaya na ɗaya launin ko ki yi alamar inda zaki kama zaren, yawanci ba'a son ya wuce ido biyar ko makamancin haka ba'a kama ba. Na'ura zata zana miki abinda kika ce ne, ko zai saƙu ko bazai saƙu ba wannan ke ya shafa. Ga kuma takarda bata cin caji bata kashe fuska kina tsakiyar layi.

Dan haka in zaki saya ki buɗe ciki ko ki nemi hoton shafukan tukuna, ki tabbatar akwai gidajen 4 da 5 ba murabba'i zalla ba dan wasu irinsa suna rubuta na saƙa ne alhali takardar lissafi ce aka canza wa bango, ki duba hasken layukan, ki duba ko ɗaurin waya ne, in ke mai kwarashi ce ki duba ko akwai shafukan da'ira, in babu kuma aikinki duk fure ne da zagaye toh ki barshi kawai ki firinto takardar da'ira daga intanet ki haɗa a fayil, zata fi miki amfani. Ni a wajena in maki biyar ne zan bashi huɗu a kibiya, huɗu a gicciye, biyu da rabi a kwarashi, surfani kuma ban ga abinda zan yiwa maki ba.